Masu Lissafin Wa'adin Zarra

Akwai masu sana'ar da duk hajarsu lamba ce guda ɗaya. Za ka zo musu da bayanin wata ƙwayar zarra mai nauyi, wataƙila ma wadda ba a taɓa ganin irinta a doron ƙasa ba, ka ce furoton kaza ne a cibiyarta, niyutiron kaza, su kuma su faɗa maka tsawon lokacin da za ta yi kafin ta rikiɗe ta zama wani sinadari dabam. Amsar takan zama shekara biliyan, takan kuma zama abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ana samun su a jami'o'i da cibiyoyin binciken nukiliya, daga Dubna ta Rasha zuwa Lanzhou da Nanjing na ƙasar Sin, daga Bukares ta Romaniya zuwa Nantes ta Faransa. Malaman fiziks ne, amma aikin nasu sana'a ce cikakkiya. Tana da kayan aiki, tana da manya da masu koyo, tana da masu zuwa neman haja, kuma akwai wurin da ake gane gwani a cikinta.

Sai an san abin da suke yi wa lissafi kafin a gane wahalarsu. Cibiyar zarra dunƙule ce ta furoton da niyutiron. Furoton duk caji iri ɗaya gare su, saboda haka kullum ture juna suke yi. Abin da ke riƙe da su shi ne wani ƙarfi mai tsanani da ba ya aiki sai a kusa-kusa. Idan cibiya ta yi girma, musamman ta wuce ta dalma mai furoton 82, turin yakan fara rinjayar riƙon, sai ta nemi rage kaya. Hanyar da ta fi bi ita ce ta tofar da wani ɗan ƙulli mai furoton biyu da niyutiron biyu. Ernest Rutherford ne ya raɗa masa suna alfa a 1899, bayan kimanin shekara goma kuma shi da Thomas Royds suka tabbatar cewa wannan ƙulli cibiyar iskar hiliyam ce. Yuraniyam ɗin da ake haƙowa a Arlit haka yake yi a cikin dutsensa: nau'in da ake kira yuraniyam-238 yana bin matakai 14, takwas daga ciki na tofar da alfa ne, kafin ya tsaya a dalma-206. A tsakiyar wannan hanya ake samun iskar radon, wadda saboda ita ake dagewa wajen shigar da iska cikin ramukan haƙar yuraniyam.

Babu wanda zai iya ce maka ga lokacin da ƙwaya ɗaya tak za ta tofar da nata alfan. Amma idan ƙwayoyin suna da yawa, akwai lokaci sananne da rabinsu zai rikiɗe, ba ya ƙaruwa don zafi, ba ya raguwa don sanyi. Wannan shi ne wa'adin rabi, kuma shi ne lambar da masu wannan sana'a suke nema. Na rediyam-226 shekara 1,600 ne. Na radon-222 kwana 3.8. Na amerisiyam-241, wanda ake sa ɗan kaɗan a cikin na'urar da ke yin ƙara in hayaƙi ya tashi a ɗaki, shekara 432. Na fulutoniyam-238 kusan shekara 88, kuma zafin da yake bayarwa ne ke ba kumbunan Voyager wuta tun da aka harba su a 1977.

Abin da ya haifi sana'ar wani ruɗani ne. Alfan da yuraniyam-238 ke saki yana fitowa da kuzarin da ya ɗan wuce 4 a ma'aunin da ake kira MeV, wa'adin rabinsa kuwa shekara biliyan 4.5. Na foloniyam-212 yana fitowa da kusan 9, amma wa'adin rabinsa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba. Kuzari ya ninku sau biyu kawai, wa'adi ya ragu da lamba mai sifili sama da 23. A 1911, a Manchesta, Hans Geiger da John Nuttall suka gano cewa abin yana da tsari: duk wanda alfansa ya fi gudu, shi ya fi saurin ƙarewa, kuma ana iya jera su a kan layi. Sun ga tsarin, amma ba su san dalilinsa ba. Ga kuma wani abin da ya fi ɗaure kai. Idan aka harbi yuraniyam da alfa mai kuzarin kusan 9 daga waje, turin caji yakan maido shi baya, ba ya shiga. To ta yaya mai kuzarin 4 yake fitowa daga ciki?

A 1928 aka warware. George Gamow, ɗan asalin Odessa, yana da shekara 24 a lokacin, yana ziyarar karatu a Gottingen ta Jamus. Ronald Gurney da Edward Condon kuma suna Princeton a Amurka. Ba tare da sun haɗa kai ba suka kai ga amsa ɗaya ta hanyar sabon ilimin kwantam. A ɗauka cibiyar zarra gari ne mai ganuwa wadda ba a yi mata ƙofa ba, alfa kuma yana ciki yana kai gwauro yana kai mari. Tsayin ganuwar yuraniyam ya kai tsakanin 25 da 30 a ma'aunin MeV, don haka mai kuzarin 4 ba shi da halin tsallakewa. Sai dai a duniyar ƙananan ƙwayoyi, duk karon da ya yi da ganuwar akwai wata 'yar yiwuwa, ƙanƙanuwa ƙwarai, ta ya tsinci kansa a waje ba tare da ya hau ba. Ganuwar kuma, kamar kowace ganuwa, gindinta ya fi kauri, tana sirancewa zuwa sama. Mai ƙaramin kuzari a gindi yake karo, mai babban kuzari kuwa a sama-sama, inda ta yi siriri.

A nan lissafi yake shigowa, kuma yana da kyau a gan shi kusa. Ana auna waɗannan tazarori da femtomita, wato mita ɗaya a raba ta gida miliyan sau biliyan. Daga tsakiyar cibiya zuwa bakin ganuwa ta ciki kimanin femtomita 9 ne. Alfan yuraniyam-238 ba zai sami kansa ba sai ya kai wajen femtomita 60, ka ga kaurin da zai ratsa ya kai 50. Na foloniyam-212 yana fita a wajen 26, nasa kaurin bai kai 20 ba. Kowane ƙarin kauri ba rage yiwuwar yake yi da ɗan kaɗan ba, raba ta yake yi, a sake rabawa, a sake rabawa. Alfan da ke cikin yuraniyam yana karo da ganuwa kimanin sau lamba mai sifili 21 a cikin kowane sakan, amma yiwuwar ya ratsa a karo guda ɗaya ce cikin lamba mai sifili kusan 38. Idan aka haɗa biyun sai ga shekaru biliyoyi sun fito a kan takarda. Dokar Geiger da Nuttall da aka shekara 17 ana kallo ba a san tushenta ba, ita ma ta faɗo daga cikin wannan lissafi.

Har yau a kan wannan ginshiƙi ake aiki. Mai sana'a yana da tambayoyi uku: sau nawa ƙullin alfa yake haɗuwa a cikin cibiya tun farko, sau nawa yake karo da ganuwa, kuma mece ce yiwuwar ya ratsa. Aikin yini yakan fara ne da buɗe babban jadawalin nauyin ƙwayoyin zarra, wanda Aaldert Wapstra da Georges Audi suka daɗe suna tattarawa, yanzu kuma ragamarsa tana hannun masana a Lanzhou. Fitowar da ake ta aiki da ita ita ce ta 2020. Zai ɗauki nauyin uwa, wato cibiyar da ke tofar da alfa, ya cire nauyin abin da ta koma, wato 'ya, ya cire na hiliyam. Ɗan abin da ya saura shi ne kuzarin da ake saki, wanda suke rubutawa da harafin Q. Daga nan ya zaɓi siffar da zai ba ganuwar, ya sa kwamfuta ta auna ta daga ciki zuwa waje. Lissafin ƙwaya ɗaya ba ya cin sakan. Abin da ke cin watanni shi ne gwada sakamakon da ɗaruruwan wa'adin da aka riga aka auna a ɗakunan gwaji, a ga inda ya dace da inda ya kauce, a kuma gano dalilin kaucewar.

Idan lissafin mutum ya faɗa tsakanin ninki biyu zuwa uku na abin da aka auna, ana cewa ya yi aiki mai kyau. Wanda ba ɗan sana'a ba zai iya raina wannan, ya ce yaya za a ce kwana goma abu ya yi ashirin kuma a yaba. Amma filin da ake harbi a cikinsa ya faro ne daga abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba, ya zarce shekarun duniya nesa ba kusa ba. Shi ya sa su ba kwanaki suke ƙirgawa ba, sifili suke ƙirgawa. Ka samu yawan sifilin daidai, ka kusa.

Gidaje biyu ne a sana'ar, ko da yake ana shiga gidan juna. Na farko su ne masu ƙera gajeriyar ƙa'ida, layi ɗaya na lissafi mai 'yan lambobin da ake daidaitawa har ta dace da abin da aka auna. Victor Viola da Glenn Seaborg suka fitar da tasu a 1966, Adam Sobiczewski da abokan aikinsa a Warsaw suka sake saita ta a 1989, har gobe kuma ana aiki da ita. Guy Royer ya kawo tasa a 2000, Chong Qi da abokansa a Stockholm suka kawo wata a 2009. Na biyu su ne masu son gina ganuwar tun daga tushe, daga yadda furoton da niyutiron suke zaune a cikin cibiya da yadda suke jan juna. Aikinsu ya fi nauyi, kuma ba kullum yake fin na 'yan gidan farko dacewa ba, amma idan ya kauce yakan nuna abin da ba a fahimta ba tukuna.

Tambaya ta farko cikin ukun nan ita ce ta fi ba kowa wahala. Alfa ba a ajiye yake a cikin cibiya yana jira ba. Sai furoton biyu da niyutiron biyu sun haɗu a gefen cibiyar sun zama ƙulli, kuma yiwuwar hakan tana bin tsarin cikin kowace cibiya. Maria Goeppert Mayer da Hans Jensen sun nuna a 1949 cewa ƙwayoyin cibiya hawa-hawa suke zama, kuma hawa yana cika ne a lambobi sanannu: 2, 8, 20, 28, 50, 82 da 126. Cibiyar da hawanta ya cika takan riƙe kayanta gam. Dubi foloniyam. Nau'in 210 yana da niyutiron 126 cif, kuma yana yin kwana 138. Ƙara masa niyutiron biyu kawai ya zama 212, sai ya kasa yin ko sakan ɗaya, domin yanzu furoton biyu da niyutiron biyu ne suke zaune a saman dalma-208, wadda hawanta na furoton da na niyutiron duk a cike suke. Sakin su ba ya yi wa cibiyar wuya ko kaɗan. Saboda haka duk mai sabuwar dabara a wannan fanni a kan foloniyam-212 yake fara gwada ta. Akwai kuma matsalar mara. Idan adadin furoton ko na niyutiron bai rabu biyu daidai ba, ɗayan da ya rage ba abokin zama yakan kawo tsaiko, wa'adi ya ninku sau da yawa fiye da yadda lissafi ya ce. Yawancin ƙa'idoji a nan sukan ƙara wata lamba ta gyara, kuma masu gaskiya a cikinsu ba sa ɓoye cewa gyara ce.

Wata nasara da ta cancanci a ambata ita ce ta bismut-209. An daɗe ana rubuta shi a littattafai a matsayin mafi nauyin cibiyar da ba ta rikiɗa. Masu lissafi kuwa sun duba jadawalin nauyi sun ga yana da rarar kuzari ɗan sama da 3, suka ce dole yana tofar da alfa, jinkiri ne kawai ya yi yawa. A 2003 wasu masu bincike a Orsay ta Faransa, da na'urar da aka sanyaya har kusa da ƙarshen sanyi, suka kama shi yana yi. Wa'adin rabinsa kimanin shekara 2 da sifili 19 ne, ya ninka shekarun sararin samaniya sau biliyan da wani abu.

Duk wannan a kan ƙwayoyin da aka auna nauyinsu ne. Inda sana'ar take zama hasashe na gaske shi ne ƙarshen jadawalin sinadarai, inda ake maganar ƙwayoyin da ba a ƙera ba tukuna. A can babu nauyin da za ka ɗauko, sai ka hasashe shi ma, ta hanyar tsare-tsare irin na Peter Moller da Ray Nix na Los Alamos, ko na Ning Wang da abokansa a ƙasar Sin. Mafi kyawunsu kan kauce da kimanin kashi uku zuwa shida cikin goma na MeV a kan ƙwayoyin da aka sani, a wuraren da ba a sani ba kuwa sukan saɓa wa juna fiye da haka. Kuskuren MeV ɗaya a kan Q yana iya sauya wa'adi sau ɗaruruwa ko dubbai. Ma'ana, mutum zai iya gina ganuwarsa ba aibu, amma lambar da ya shigar tun farko ta kayar da shi. Har wurin da hawa na gaba zai cika ba a daidaita a kai ba. Tun shekarun 1960 ake hasashen wani yanki da ƙwayoyi masu tsananin nauyi za su ɗan daɗe, kusa da niyutiron 184. Amma game da furoton, wasu sun ce 114, wasu 120, wasu 126. Ga kuma kishiyar alfa, wato cibiya ta tsage biyu da kanta, wadda hasashenta ya fi na alfa wuya ƙwarai.

Masu zuwa neman wannan haja su ne masu ƙera sababbin sinadarai, a Dubna, da Darmstadt ta Jamus, da cibiyar RIKEN ta Japan, da Berkeley ta Amurka. Sukan shafe watanni suna harba wata cibiya a kan wata ko biyu za su manne. Idan an yi sa'a, sabuwar ƙwaya takan bi ta cikin injin tacewa, tafiyar kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, ta je ta maƙale a faifan silikon. Ba a ganinta. Abin da ake gani shi ne alfa ya fito daga wannan ɗigo da kuzari kaza bayan lokaci kaza, wani ya biyo baya, wani ya sake biyowa. Wannan jeri shi ne shaidarta. Kafin a kunna inji suna bukatar sanin ko ƙwayar za ta rayu har ta iso faifan, da irin kuzarin da za su sa ido a kai. Bayan an gama kuma suna bukatar a gaya musu ko jerin da suka gani ya yi kama da na sinadarin da suke da'awa.

Ƙungiyar Kosuke Morita a RIKEN ta shekara tara tana harba zinki a kan bismut, ta samu ƙwayoyi uku na sinadari na 113, wato mai furoton 113: a 2004, da 2005, da 2012. Ta ukun ce ta kashe gardama, domin ta tofar da alfa shida a jere, ta bi ta kan ƙwayoyin da aka riga aka san halinsu har ta kai mendelebiyam-254. A 2016 aka sa wa sinadarin suna nihoniyam. A Dubna, ƙungiyar Yuri Oganessian ta fuskanci abin da ya fi wannan sarƙaƙiya. Jerin nasu, da suke samu ta hanyar harba kalsiyam-48, yakan ƙare ne da tsagewar wata cibiya da ba a taɓa sani ba, ba ya isa ga sanannen wuri. A nan ƙa'idoji irin ta Viola da Seaborg suka yi rana: aka jera kuzari da wa'adin kowane mataki aka ga sun hau layin da ya dace da adadin furoton da ake da'awa. Sinadari na 118, oganeson, wa'adin rabinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, kuma ƙwayoyinsa da aka taɓa gani ba su kai goma ba. Daga irin wannan ƙanƙanen adadi ake fitar da lambar da mai lissafi zai gwada aikinsa da ita, don haka shi ma ma'aunin yana rawa.

Akwai darasin da 'yan sana'ar ba sa mantawa. A 1999 aka sanar daga Berkeley cewa an ga sinadari na 118, da jerin alfa da ya yi daidai da abin da wani hasashe ya faɗa. Sauran cibiyoyi suka maimaita gwajin ba su ga komai ba. A 2001 aka janye sanarwar, bincike kuma ya nuna ƙirƙirar bayanan aka yi. Dacewa da hasashe ba hujja ba ce ita kaɗai, domin wanda ya san amsar da ake jira yana iya rubuta ta.

Ni abin da nake gani shi ne, haɗarin da ya fi kusa da sana'ar a yau ba irin wannan ba ne. Sauƙin aikin ne. Mujallu irin su Physical Review C da Nuclear Physics A suna cike da sababbin ƙa'idoji, kowace tana cewa ta fi ta baya dacewa da ɗan kaɗan. Sau da yawa abin da aka yi shi ne ƙara lambobin daidaitawa, kuma duk wanda ya ƙara su dole ƙa'idarsa ta ƙara dacewa da tsofaffin bayanai. A 'yan shekarun nan an shigo da manhajojin da ke koyo daga bayanai, su ma suna rage tazarar, amma abin da suka gani suka iya, ƙarshen jadawali kuwa ba su gan shi ba. Aikin da nake girmamawa shi ne na wanda ya buga lambarsa kafin a yi gwaji, ya faɗi iyakar kuskuren da yake tsammani, ya kuma nuna yadda amsarsa za ta sauya in an canza tsarin nauyin da ya dogara da shi. Irin wannan ya yi wa masu gwaji amfani ko da lambarsa ta kauce, saboda sun san ta ina ta kauce.

Shiga sana'ar yana son digiri a fiziks, da zama sosai a kan ilimin kwantam, da iya rubuta manhajar lissafi, tsofaffi da Fortran, matasa galibi da Python. Daga nan sai shekarun digiri na uku a ƙarƙashin wani babba, inda aikin farko yakan zama maimaita lissafin da wasu suka riga suka buga, har lambobinka su yi daidai da nasu. Jarinta ba shi da yawa idan aka kwatanta da na masu gwaji. Jadawalin nauyi da na wa'adi duk suna intanet kyauta, a shafin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana da na cibiyar Brookhaven, kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa a fara. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne idon da ke gane lambar da ba ta yi kama da gaskiya ba, wannan sai an zauna da manya.

Yanzu hankalin kowa yana kan sinadari na 119 da na 120. A 2024 Berkeley ta sanar da samun ƙwayoyi biyu na sinadari na 116 ta hanyar harba titaniyam-50, gwajin share fage kafin a nemi na 120. RIKEN kuma tana harba banadiyam-51 a kan kuriyam-248 don neman na 119. Idan biyun suka manne suka zubar da niyutiron uku, za a sami cibiya mai nauyin 296. Alfa na farko zai mayar da ita tenesin-292, wanda shi ma ba a taɓa gani ba. Na biyu zai kai ta moskobiyam-288, wanda Dubna ta ƙera da yawa kuma an san halinsa. Matakai biyun farkon nan su ne ke hannun masu lissafi, kuma yawancin hasashen da aka buga yana sa wa'adin na farko tsakanin kashi ɗaya cikin miliyan da 'yan kashi cikin dubu na sakan, wato ya isa ƙwayar ta kai faifan silikon kafin ta rikiɗe.